Kuɗin da Ke Bin Hayaƙi

   

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Kubanni a nan Zariya bayan ruwan farko na damina ya leƙa ƙasa, ya san abin da idonsa ya gani. Leda baƙa da fara, robar lemo, ledar fiya-wata, tsumma, duk sun taru sun yi dandazo a bakin ruwa. Mutum yakan toshe hanci ya ce ƙazanta ta yi yawa a garin nan. Ni kuwa in na duba, kuɗi nake gani. Babu wani abu a cikin tarkacen nan da ya faɗo daga sama. Kowace leda wani ne ya biya kuɗinta a cikin cefanensa, ko ya sani ko bai sani ba. Bayan haka ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, wannan mutumin dai ya sake zura hannu a aljihu ya nufi kyamis. Abin da ya tara mu ke nan yau: ɓarnar da muke biya sau biyu, mu biya wajen saye, mu kuma biya wajen jinyar illarta.

Ba sai na ba ku labarin tsada ba, ku ne kuke cikinta. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A shekarar 2024 ɗin nan kilon iskar gas ma ya wuce naira 1,000. Gidaje da yawa a Tudun Wada suka jingine tukunyar gas a lungu suka koma ga kurfoti, sai gawayi ya ga kasuwa ta buɗe shi ma ya tashi. Albashi bai bi su ba, cinikin mai shago bai bi su ba. Farashin kasuwa ba a hannunmu yake ba, wannan hakkin shugabanni ne kuma za mu ci gaba da tuna musu. Amma akwai wani yanki na kuɗin da ke zurarewa a cikin gida, tsakanin madafa da bakin rijiya da kwandon shara, wanda babu gwamnatin da za ta shigo ta toshe mana shi.

Mu fara daga murhu, domin nan ne ramin ya fi zurfi.

Murhunmu na gado, mai duwatsu uku, yana da kirki ta fuska ɗaya: ba a sayensa, kuma kowace tukunya yana ɗauka. Sai dai masu auna zafi sun daɗe da gano cewa abin da ke isa gindin tukunya daga irin wannan murhu bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba. Saura duk iska ce ke kwashewa. Ku auna wannan da kuɗi. In uwargida ta sa itacen naira 1,000, abin da ya dafa tuwon bai kai na naira 200 ba. Fiye da na ɗari takwas ya bi iska, ya baƙanta bango, ya shiga idonta da ƙirjin goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje na kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Wannan tari da muke cewa sanyi ne, sau da yawa murhu ne.

Gawayi ya fi tsabta a madafa, amma asararsa a daji aka riga aka yi ta. A irin ƙonawar da ake yi ta binne itace da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar ko fiye na itace kafin a samu kilo guda na gawayi. Kowane buhu da aka sauke a bakin titi, bishiyoyi ne suka kwanta. Dajin yana ƙara nisa, motar ɗauko shi tana ƙara shan mai, mu ne kuma za mu biya.

To, me za a yi? Abu na farko ba ya cin ko kwabo: murfi. Tukunyar da ke tafasa a buɗe tana zubar da zafinta ne ta sama. A rufe ta. In ruwa ya tafasa a janye itace, domin ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi komai wutar da aka zuga masa, sai dai ya ƙone. A kāre murhu daga iska, ko da da guntun bulo ne ko tsohon kwano. A faskara itace ƙanana a bar shi ya bushe sarai, saboda ɗanyen itace sai ya ƙona ruwan jikinsa tukuna kafin ya ba tukunya komai. A jiƙa wake tun dare. In an sauke, a kashe ragowar garwashi da ƙasa ko a rufe shi a gwangwani, gobe ya zama gawayi. Na san iyayenmu mata da ke zaune a nan suna cewa a ransu, ai mun san wannan. Gaskiya ne, kun sani. 'Ya'yanku ne ba su sani ba, saboda sun tashi a zamanin risho da gas, yanzu kuma tsada ta mayar da su ga murhun da ba a koya musu ba.

Akwai wata dabara da nake so kowane gida ya gwada a makon nan. Shinkafa da wake da dambu da nama ba wuta suke bukata ba, zafi suke bukata. In tukunya ta tafasa sosai, shinkafa na 'yan mintoci, wake kamar minti 20, sai a sauke ta da murfinta a rufe ruf, a sa ta a cikin kwando ko kwali da aka shimfiɗe da tsohon bargo, ko buhu cike da ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa, a lulluɓe ta sama da ƙasa. Zafin da ke ciki ba shi da hanyar fita, shi zai ƙarasa dahuwar. Shinkafa cikin awa guda ta nuna, wake ya ɗauki awa biyu zuwa uku, ba ƙonewa, ba tsayuwa a kai. Sharaɗi ɗaya ne: kada a bar abinci ya kwana a ciki har ya huce, in kuwa ya huce a sake tafasa shi kafin a ci. A Afirka ta Kudu wata mata mai suna Sarah Collins ta mayar da wannan dabara sana'a tun 2008, tana ɗinka jaka mai suna Wonderbag. Telolinmu na Tudun Wada da ke zubar da ƙyallaye kullum, babu abin da zai hana su ɗinka irinta.

Mai ɗan hali kuma ya nemi ingantaccen murhu. A Nijar tun shekarun 1980 aka yaɗa wani murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙeran gari ke ƙerawa. A nan Jihar Kaduna, ƙungiyar DARE ta Injiniya Yahaya Ahmed ta daɗe tana yaɗa murhun Save80, wanda masu yin sa suka ce yana rage kashi 80 cikin 100 na itace. Ko da rabin haka aka samu a gidan da ke hura wuta sau uku a yini, ba ƙaramin abu ba ne. Wadda ba ta da kuɗin na ƙarfe tana iya gina nata da laka da ƙaiƙayi, ta kewaye duwatsun ukun nan, ta bar ƙofa ɗaya ta itace, ta sa tukunya ta zauna daram a ciki yadda wuta za ta lashi gefenta.

A nan ina da magana da 'yan'uwana magidanta. Mafi yawanmu mukan ajiye kuɗin cefane da safe mu fita, ba mu san nawa ne ya tafi ga itace ba. In uwargida ta ce a sayo murhu mai kyau, sai mu ji kuɗin ya yi yawa a dunƙule, alhali muna biyan ninkinsa a gutsure cikin 'yan watanni. Talauci yana da wannan mugun hali, yana tilasta wa mutum sayen mai arha kullum har ya fi mai tsada tsada. Maganinsa kuwa yana hannun matanmu tun da daɗewa, wato adashi. In mata goma a layi ɗaya suka ware zubi guda don murhu kawai, kowane kwasa gida ɗaya ya fita daga hayaƙi.

Yanzu bari in ba ku labarin wani mutum da ya yi karatu a garin nan, wanda duniya ta karrama, mu kuwa da yawanmu ba mu ma san sunansa ba. Malam Muhammad Bah Abba ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse. Abin da ya dame shi shi ne yadda kayan gwari ke ruɓewa a hannun manoman karkara da ba su da lantarki, har ya zama dole a ɗora wa yara mata talla kullum don a rabu da kaya kafin su lalace, makaranta kuwa ta wuce su. Sai ya ɗauki ilimin da kowace tsohuwa mai randa ta sani, cewa ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar ƙasa yana tafiya da zafi in iska ta busar da shi. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan miya a ta cikin, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ke nan. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku, alayyahun da ba ya wuce yini ya yi kwana 12. Da albashinsa na malanta ya sa aka gina tukwane 5,000 na farko ya raba a ƙauyukan Jigawa. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyarsa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Ya rasu a 2010, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ina tambaya, gida nawa ne a Tudun Wada ke da wannan tukunya? Mun ɗauka kayan ƙauye ce. Amma ku tuna watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi fiye da mako guda a duhu. Firji ya zama akwati, ƙanƙara ta yi tsada, abin da aka adana ya lalace. Tukunyar Bah Abba ba ruwanta da wannan. Bukatarta inuwa, wurin da iska ke kaɗawa, da a jiƙa yashinta safe da yamma. Ta fi aiki da rani da bazara, lokacin da iska ta bushe; da damina sanyinta yana raguwa, kuma ba a ajiye ɗanyen nama ko kifi a cikinta. Amfaninta ga aljihu a fili yake. Mai sayen tumatir na yau da na gobe a ƙulle-ƙulle ya fi kowa biya da tsada. Mai wurin ajiya kuwa sai ya sayi na mako biyu a ranar da kaya suka yi arha. Ga kuma shanya, wadda rana ke yi mana kyauta: kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, barkono, kuka. A lokacin da tumatirin rani ya cika kasuwa har ana zubarwa, a lokacin ne mai tattali ke yanka nasa yana shanyawa a kan tabarma mai tsabta, don ya ci a watannin da kwando ya gagari kowa.

Haka abin yake ga dafaffe. A gidan da na tashi, tuwo ba ya mutuwa. Na dare ya zama ɗumame da safe, ƙanzo a shanya shi a jiƙa a yi kwaɗo, dusa ta tafi ga akuya, ruwan wankin hatsi ma dabba ce ke shanyewa, toka a tace ta a yi ruwan toka. Mahaifiyata ba ta taɓa jin kalmar muhalli a rediyo ta ɗauka da ita ake ba. Ita dai ta san almubazzaranci haramun ne, kuma albarka tana cikin abin da aka tattala.

Sai ruwa. An gina madatsar Galma, an gina matatar Shika mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, amma har yau 'yan ga-ruwa da kurarsu su ne famfon gidaje da yawa. Ku riƙe wannan lissafi. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce cif. Ke nan rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 yana karɓar lita 50,000 a damina ɗaya, wato jarka 2,000 mai cin lita 25. Kowa ya san nawa ake sayar da jarka a layinsu, sai ya ninka da kansa. Ban ce za a iya tare shi duka ba, babu mai mazubin haka. Amma indararo da duro biyu sun isa su raba gida da sayen ruwan wanki da wanka da wanke-wanke daga Yuni zuwa Satumba. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi ya zube, a rufe duro ruf don kada ya zama gidan sauro, wanda za a sha kuma a tafasa shi. Ruwan da aka tare a duro ruwa ne da bai gangara layi ya cika kwata ya ci gindin katangar maƙwabci ba. Na san da yawanku haya kuke zaune, mai haya kuwa ba ya son kashe kuɗi a ginin wani. Don haka masu gidajen haya da ke wurin nan, wannan naku ne: indararo yana kāre harsashin gininku kafin ya amfani kowa.

Malamanmu sun fi ni sanin cewa ya tabbata a Buhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda, mudunnabi, wanda bai kai lita ɗaya ba. Buta guda ta isa. Ruwan alwalar da ke malala a ƙofar masallatanmu sau biyar a yini, da an yi masa 'yar hanya zuwa gindin bishiya, da kowane masallaci a Tudun Wada yana da inuwarsa.

Lantarki ba zan daɗe a kansa ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin masu rukunin A daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Ko ba a rukunin nan kake ba, alƙiblar farashi ta bayyana. Tsohon ƙwai mai zafi yana jan wat 60, na zamani mai farin haske wat 9 ya ba ka haske kamarsa. In suna ci awa shida a dare, bambancinsu ya kai yunit 9 a wata, a ƙwai ɗaya tak. Mai mita zai ga wannan a katinsa. Wanda ake kawo wa takardar ƙiyasi ba zai gani ba, shi ya sa ake barin ƙwai yana ci da rana tsaka a ƙofar gida, kuma shi ya sa neman mita ya zama haƙƙin da ya kamata unguwa ta nema da murya ɗaya. Ƙaramar fitila mai cajin rana kuwa, wadda yara za su yi karatu da ita a kuma caja waya, ta fi batiran da ake saya kowane mako ana jefarwa a bola.

Bolar nan ita ce za ta mayar da mu inda muka faro. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 zuwa 1979, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, yana son ya gane yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ba ta kuma mutu ba. Cikin abin da ya gani har da jakuna: su shigo birni da itace da amfanin gona, su fita da mangala cike da taki, wato toka da kashin dabbobi da sharar gida. Sharar birni ita ce abincin gona. Manoman kewayen Zariya ma sun san darajar takin bola, balle yanzu da buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Abin da ya ɓata wannan ciniki shi ne leda da fasasshiyar kwalba da mataccen batir da muke haɗawa da toka a kwando ɗaya. In gida ya ware mazubi biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na wanda ba ya ruɓewa, na farkon taki ne da za a kai gona ko a sayar, na biyun kuma 'yan jari-bola suna biyan kuɗi a kan ƙarfe da roba da gwangwanin da ke cikinsa.

Leda kuwa a rage karɓarta tun daga kasuwa. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin shanu da tumaki: leda ce a murɗe kamar igiya. Tunkiyar da uwargida ta yi wata shida tana kiwo don Babbar Sallah, sai a ga tana ci tana ramewa, ba a san cikinta ya cushe ba. Wannan jarin mace ne ya tafi. Kuma don Allah a daina hura gawayi da leda, a daina ƙulla koko da alala mai zafi a cikinta. Hayaƙinta guba ne. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Mu ba sai mun jira doka ba. Kwando da jakar saƙa da kwanon sha mai murfi duk ana sayar da su a kasuwar Tudun Wada, kuma sayensu sana'ar wani namu ce.

Sunayen unguwannin cikin birni, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, suna gaya mana cewa mutanen Zazzau na da sun zauna da bishiya har suka riƙa kiran mazauninsu da sunanta. Tsakar gidan yau ba ta ɗaukar rimi, amma tana ɗaukar zogale biyu a bakin wurin wanke-wanke, inda ruwan ɗauraya zai riƙa shayar da su, cikin shekara guda a fara tsinkar ganye. Mai fili ya ƙara da gwanda ko gwaba, a waje kuma darbejiya ta yammacin ɗaki, don ta tare ranar la'asar da ke gasa bango har dare. Wanda zai dasa ya haƙa raminsa tun bazara, ya zuba takin da ya tara, ya tanadi ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, ya jira ruwa ya zauna a watan Yuni.

 Iyayenmu mata, ku za a fara ba dama a lokacin tambayoyi, domin akwai dabarun madafa da kuka sani waɗanda ban ambata ba, ina so matasan nan su ji su daga bakinku.